Godiya bayan aikin ƙugun 'yarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar muka iso gida Argungu da 'yata, bayan aikin da aka yi mata a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Kira da saƙonni sun fi ƙarfina, shi ya sa na zo nan in yi godiya.

Da sikila aka haife ta, mun saba da ciwon gaɓɓai. Wannan kuwa daban ya zo: ciwo a gindin cinya, ɗingishi, har zaman tahiya ya gagare ta sai a kujera. Wata 7 muna cewa ciwon da aka sani ne. Har wurin mai ɗori na kai ta, ya murza ƙafar, ta kwana tana kuka. Abin yana ci mini rai har yau. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, sai da aka yi MRI, wani hoto da ke nuna cikin ƙashi dalla-dalla.

Likita ya zana mana a bayan kati. Kan ƙashin cinya, dunƙulen nan da ke juyawa cikin ƙugu, jijiyoyin da ke kai masa jini kaɗan ne, kuma sirara. In ƙwayoyin jinin mai sikila suka lanƙwashe kamar lauje sai su toshe su, ƙashin ya riƙa mutuwa a hankali. Allah ya sa nata bai burma ba tukuna, don haka huda shi za a yi, a rage matsin da ke ciki, sababbin jijiyoyi su sami hanya.

Ranar aikin muna zaune a benci ni da mahaifiyarta, carbi ya jiƙe da gumi a hannuna. Likitan ya fito, ya sauke takunkumi, ya ce, "Baba, ƙashin ya yi jini." Gabana ya faɗi, mahaifiyarta ta hau salati. Nan take ya riƙe hannuna, ya ce ai albishir ne. Suna hudawa suna lura da abin da ramin zai fitar: mataccen ƙashi a bushe yake, mai rai ne ke tsatso da jini. Da suka ga jan ya ɓullo, suka san sun kai inda ke da rai. Likita, Allah ya saka maka da Aljanna, ya jiƙan magabatanka.

Ina godiya ga likitar sa barci da ta tsare iskar da ke cikin jinin yarinyar, da ƙarin ruwanta, da ɗumin jikinta, don sanyi ko ƙarancin ruwa kan tayar da ciwon sikila ana tsakiyar aiki. Haka ma nas-nas ɗin da suka kwana a kanta.

Samarin da suka ba da jini, ba ni da bakin gode muku. Jinin mai AA ake nema, wato wanda bai gaji sikila ko kaɗan ba, aka mayar da biyu masu AS, waɗanda suka gaje ta ta ɓangare ɗaya, suka fito kamar za su yi kuka. Ku ma ladanku na nan in sha Allah. Goggonta ta Kano da ba ta fasa kawo abinci ba ko sau ɗaya, jama'ar masallacin unguwarmu da suka haɗa gudummawa ban roƙa ba, da direban da ya lallaɓa da mu ta Funtuwa da Gusau yana kauce wa ramuka, Allah ya biya ku.

Yanzu tana kan sanduna, mako 6 ba za ta ɗora nauyi a ƙafar ba, sannan mu koma a sake hoto. Masu zuwa dubiya, don Allah kada a ce ta miƙe a ga tafiyarta. A taya mu da addu'a ƙashin ya cike.