Ranar da na ɗora wa zunubi haraji

Watan Afrilun 2018 ne, ina fassara labaran ƙetare a wani gidan rediyo. Saura minti goma a shiga labarai aka miƙo mini takarda: Birtaniya ta fara karɓar haraji a kan lemon kwalba mai yawan sukari, marubucin kuma ya kira shi sin tax. Ko ƙamus ban buɗe ba, ai ɗan firamare ma ya san sin. Na rattaba "harajin zunubi", mai karanta labarai ya rangaɗa shi da muryar nan tasa mai kauri.

Ba a gama labarin wasanni ba waya ta fara ruri. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, yanzu har kuɗin zunubi Turawa ke karɓa? In mutum ya biya, an yafe masa ke nan?" Editanmu bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi ta saman tabarau. Da ma zagina ya yi.

Haushin abin ne ya sa na bi kalmar sin har gida. Tsohuwa ce, synn ake rubuta ta tun kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, kuma a lokacin laifi da saɓon Allah take nufi. Amma ta sha yawo a kasuwa har ta yi laushi. Bature zai ci kek mai daɗi ya ce sinful, yana dariya. Ɗan wasan rugbi da aka fitar na minti goma, sin bin aka kai shi, wato benci na masu laifi. Namu zunubin kuwa, da muka aro daga Larabci, har gobe da nauyinsa yake, ba a wasa da shi a bakin shago. Ni na ɗauko mai nauyi na ɗora inda ake raha.

Trespass, wata kalmar Turanci da ake sa wa zunubi, ta fi ba ni mamaki. Daga tsohon Faransanci take, ma'anarta ƙetarewa. William Tyndale, mai fassara Baibul zuwa Turanci, ya sa ta cikin Addu'ar Ubangiji ta Kiristoci, a wurin neman gafara, a fassararsa ta 1526, alhali fassarar Sarki James ta 1611 kalmar bashi ta zaɓa a wannan gurbi. Yau ita ce a allon gargaɗi a jikin katanga, wai kada ka shiga filin wani. Mu ma ai muna cewa ƙetare iyaka, sai dai ba mu kai ta kotu da wannan sunan ba.

Commit kuma, wato aikata, 'yar rakiya ce, ba ta da laifin kanta. Tana bin zunubi, tana bin kisan kai, amma idan aka ce malami committed ne, yabonsa aka yi. Impeccable ma, wato marar aibi, asalinta a Latin wanda ba ya iya yin zunubi, yanzu ga ɗinkin kwat ake faɗa wa.

Washegari na gyara: harajin kayan da ke cutar da lafiya, irin su taba da giya da lemon sukari. Dogo ne, ya ci mini daƙiƙa uku, ba wanda ya bugo waya. Sunan dai ya riga ya bi ni. Har yau in na shiga ofis sai wani ya ɗaga murya, "Mai harajin zunubi, nawa ne kuɗin gulma yau?"