Wasiƙa daga Minniyafolis: Kujerar da ake cin ta tun watan Agusta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Duk bayan shekara biyu, idan sakamakon zaɓen Amurka ya fito, sai a riƙa yaɗawa a WhatsApp cewa Ilhan Omar, 'yar majalisar Amurka haifaffiyar Somaliya, ta sake lashe zaɓe da gagarumin rinjaye. Gaskiya ne, amma wanda ya tsaya kan zaɓen Nuwamba kawai, bayan an tashi kasuwa ya zo.

Mazaɓarta ita ce ta 5 a jihar Minnesota, ɗaya daga cikin kujeru 435 na Majalisar Wakilai. Ta ƙunshi birnin Minniyafolis gaba ɗaya da garuruwan gefensa irin su Richfield da St. Louis Park, mutane sama da 700,000. Tun 1963 kujerar ba ta bar hannun jam'iyyar Dimokurat ba. Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar, daga nan aka zaɓe shi a 2006, ita kuma aka zaɓe ta a 2018 ta gaje shi. A Nuwambar 2024 ta samu kusan kashi 74 cikin ɗari a kan Dalia al-Aqidi ta Rifablikan, haifaffiyar Iraƙi. Wannan bai ba kowa mamaki ba.

Ainihin dambe a zaɓen fid da gwani ake yinsa, cikin Agusta. Ba irin na daliget da aka sani a gida ba ne. Jam'iyya takan yi taronta ta nuna wanda take goyon baya, amma jama'ar gari ne ke yanke hukunci da ƙuri'a. A 2022 Don Samuels, haifaffen Jamaika kuma tsohon kansila a birnin, ya kusa kayar da ita. Ratar ba ta kai ƙuri'a 2,500 ba. Dalilin bai ɓuya ba. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a birnin a 2020, an kawo shawarar sauya rundunar 'yan sandan birnin da wata sabuwar hukuma. Ilhan ta mara wa shawarar baya, Samuels ya yaƙe ta, masu zaɓe kuma suka yi watsi da shawarar a 2021. Da wannan ƙarfin ya shigo, magajin gari Jacob Frey na bayansa. Ilhan ta ɗauki darasi: a 2024 ta zage damtse, ta doke shi da kashi 56 a kan 43.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne zaton ƙuri'ar Somaliyawa ce ke ɗora ta. Ka shiga unguwar Cedar-Riverside, inda shagunan shayi da sambusa ke jere ƙarƙashin dogayen benayen Riverside Plaza, za ka rantse haka ne. Amma Turawa su ne mafi yawa a mazaɓar, su kansu Somaliyawan ma ba bakinsu ɗaya ba. Sai an haɗa da ɗalibai, 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, baƙaƙen fatan arewacin birnin da masu haya kafin lissafi ya tashi.

Ga ƙa'idar kaɗa ƙuri'ar, don masu 'yan uwa a nan. Ɗan ƙasa ne kaɗai ke zaɓe, mai shekara 18 da ya zauna a jihar kwana 20. Mai katin zama na dindindin yana iya ba ɗan takara gudummawar kuɗi, amma idan ya kuskura ya yi zaɓe, babban laifi ne da zai iya jawo a kore shi daga ƙasar. Ana iya yin rajista ranar zaɓe a rumfa da shaidar adireshi, ko wani mai rajista a yankin ya tsaya maka. Ana buɗe ƙuri'ar wuri kwana 46 kafin ranar.

Wurare biyu ne ƙuri'a ke yawan lalacewa. A Minnesota ba a rajista da sunan jam'iyya, saboda haka takardar fid da gwani ɗaya ce, kowace jam'iyya da layinta. Ka zaɓi ɗan Dimokurat a wannan kujera, ka tsallaka ka zaɓi ɗan Rifablikan a waccan, duk ɓangaren jam'iyyu ya tashi a banza. A rumfa na'ura takan dawo maka da takardar ka karɓi sabuwa, wanda ya aika ta gidan waya kuwa ba shi da wannan gatan nan take. Na biyun kuma ambulan ɗin aika ƙuri'a ta gidan waya ne: dole mai shaida ya sa hannu a kai, in ba haka ba a ƙi karɓarsa. Wanda ya aika da wuri, jami'an zaɓe kan turo masa wata takardar ya gyara. Wanda ya bari sai makon ƙarshe, sau da yawa sai dai ya taka da ƙafarsa zuwa rumfa.

Wassalam, a gaida mutanen gida.