Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Goggo Ba Ta Gani Ba

Makon jiya na tsaya a kan tashinmu daga gidan gado zuwa Tudun Jukun, har na yi muku alkawarin labarin auren ɗana Babba. Ku yi haƙuri, auren nan zai jira. Wata baiwar Allah ta turo mini saƙo tana kukan mahaifiyarta ta koma ba ta son shiga mutane, an yi magana ta yi banza da kowa, tun daga nan maganar kunne ta tsaya mini a rai.

Kun dai san Goggo, yayar Babanmu ce kuma ita ta haifi Malam, mijina. Mace ce mai siririyar murya, ba ta ɗaga ta ko da faɗa take yi. Karin maganarta ɗaya ce, in kunne ya ji jiki ya tsira. Da ita ta raini 'ya'yanta, da ita ta raini jikoki, ni kuwa da ita aka yi mini shari'a shekara da shekaru.

Injin markaɗen nan da na ba ku labari a kashi na 9, wanda na saya da kuɗin adashe, a rumfar bayan ɗakina yake, rumfa ta kwano, bango ta ko'ina. Tun bayan asuba masu ƙosai suke layi da wake, sai masu koko da jiƙaƙƙen gero, da hantsi kayan miya, da azumi kuwa ba a maganar hutu. In babu wuta a tayar da na fetur, wanda ya fi na lantarkin hargowa. Da shi na yi wa yaran nan kuɗin makaranta, da shi na yi wa 'yan mata uku kayan ɗaki ban ci bashin kowa ba, wannan kam ko maƙiyina ya shaida. In na kashe shi da daddare sai in ji wani kuka siriri a cikin kaina kamar na gyare. Da farko yakan ɗauke kafin gari ya waye. Daga baya ya samu wurin zama, har yanzu da nake wannan rubutu yana nan.

Ranar sunan ɗan Kawu na Ƙofar Doka ce aka fara faɗa mini a gaban mutane. Tsakar gida cike da mata, ga daka, ga yara, ina tsugune ina kwashe tuwo. Ashe Goggo tana bayana a kan tabarma tana kirana in kawo wa baƙin Samaru nasu. Ban san an yi ba. Can sai Malam ya yi gyaran murya daga zaure ya kira ni, na amsa, na miƙe. Da na juyo na ga duk an zuba mini ido. Goggo ta ce, a hankali yadda ta saba, "Mijinta tana jin sa daga zaure. Ni da nake nan kusa da ita ce ba ta ji." Matar Yaya Babba ta ƙara da cewa ai kuɗin inji ne, mai kunnen ƙashi in ya samu abin hannu sai Allah. Na durƙusa na rantse ban ji ba. Goggo ta ce in tashi, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Abin da ya sa ba wanda ya yarda da ni, a gidanmu an san kurma. Shekarar sanƙarau, 1996, ciwon ya kama ɗan Yaya Babba, Allah ya tashi kafaɗarsa amma ya tashi ba ya ji ko kaɗan, ko kwano ka jefar a bayansa ba zai waiga ba. Shi ne aka kai makarantar kurame a Kaduna. To a wurinsu kurumta ke nan. Ko kana ji ko ba ka ji. Wadda take amsa kiran miji, take jin tsawa, take jin ganga ranar hawan Daushe, ta ce ba ta ji uwar mijinta ba? Raini ne, ba shi da wani suna.

Haka aka yi ta tafiya. Na daina zuwa biki sai dole, in na je in zauna gefe, a yi dariya in yi dariya. A Islamiyya na koma sahun gaba, aka ce neman suna. Waya kuwa in ta shigo sai in miƙa wa Auta. Tsallaka titi a Kwangila sai na riƙe hannun wani, don mai babur zai zo dab da ni ban san ta ina ya ɓullo ba.

Sai korona, 2020, kowa ya sa takunkumi. Na je kemis sayen maganin hawan jinin Malam, yaron yana magana, ina jin murya na fita amma ko kalma ɗaya ban kama ba. Ashe duk shekarun nan bakin mutane nake kallo ina cike gurbi. Auta ce ta matsa, lokacin tana karatun jinya, ta ce, "Umma, Shika za mu."

A asibitin Shika, sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kafin a taɓa ni sai da aka yi mini tambayoyi kamar a gaban alƙali. Kunnen ya taɓa ruwa? Akwai jiri? Akwai kurma a dangi? An taɓa yi miki allurai masu yawa a jere? Likitan ya ce akwai magungunan da suke taɓa ji, irin su gentamicin da streptomycin da kwinin. Da ya zo kan sana'a na ce markaɗe, sai ya ajiye biro ya ce, "Mama, shekara nawa?" Na ce tun Babba yana goye. Ya leƙa kunnen da 'yar fitila, ya ce babu dauɗa, dodon kunnen lafiya lau, babu huji. Aka sa mini wani ɗan roba a kunne, na ji iska ta ɗan matsa ta saki, wai ana duba ko dodon kunnen yana motsi yadda ya kamata, ko akwai ruwa a bayansa. Nan ma lafiya.

Sannan wata yarinya ta shigar da ni wani ɗan ɗaki mai kaurin ƙofa, ta ɗora mini abin sauraro a kunnuwa biyu, ta ba ni maɓalli. Ta ce duk lokacin da na ji sauti, komai ƙanƙantarsa, in danna. Tana waje ina hango ta ta gilashi. Masu kaurin ina jin su, ina dannawa da ƙarfina. Da aka zo kan sirara sai abin ya cakuɗe da kukan da ke kaina. Can sai shiru, ina zaune ina jira a ci gaba, na ɗaga ido na ga hannunta yana kan na'ura yana aiki. Ta canza, ta ɗora wani ƙaramin abu a kan ƙashin bayan kunnena, aka sake daga farko. Daga ƙarshe ta riƙa faɗin kalmomi bakinta a rufe da takarda ina maimaitawa. Auta ta ce wasu amsoshin da na bayar da ba a asibiti muke ba da ta yi dariya.

Takardar tana da layuka, jan zagaye na kunnen dama, shuɗin gicciye na hagu. A sama lambobi daga 250 zuwa 8000, kaurin sauti zuwa sirantarsa. Nawa layin ya taho a sama lafiya, yana wuce 1000 ya fara gangara, a 4000 ya faɗa rami, kunnuwan biyu iri ɗaya. Likitan ya ce wannan ramin sa hannun ƙara ne, suna ganin sa a wurin masu niƙa da masu walda da masu aikin masaƙa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu, dubbai, su ne suke karɓar sauti su miƙa wa jijiya, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. A ma'aunin ƙarfin ƙara, wato desibel, hirar mutane wajen 60 ce. Daga 85 in mutum ya daɗe a ciki kullum ɓarna ta fara, inji a rufaffiyar rumfa kuwa ya wuce nan. Ya ce masu karɓar siririn sauti su ne suke fara mutuwa, shi ya sa mai irin ciwona yakan ji muryar namiji mai kauri, ta mata da ta yara ta kuɓuce masa, musamman daga baya ko cikin hayaniya.

Na ce, "Likita, sake faɗa." Ya sake. Na ce Auta ta rubuta da Hausa a bayan takardar.

Goggo ta rasu kafin korona. A jinyarta ta ƙarshe ni ce mai juya ta, ni ce mai wanke ta, matar Yaya Babba sai dai ta leƙo da kwanon kunu ta koma. Ko a lokacin in Goggo ta yi magana sai na kai kunnena bakinta, tana ganin haka ta ce wa Malam wai yanzu da na ga za ta mutu na fara sauraronta. Na yafe mata, Allah ya jiƙanta, uwa ce. Amma da na so a ce tana raye ranar da muka dawo daga Shika, in shimfiɗa mata takardar nan a kan tabarma in nuna mata ramin. Ita da take cewa in kunne ya ji, ba ta taɓa tambayar ko kunnen yana iya ji ba.

Matar Yaya Babba kam na kai mata har gida. Ta jujjuya takardar ta ce ita ba ta iya karatun likita ba, sannan ta kawo bakinta saitin kunnena ta kwarma mini sannu. Na dafe kunne, don irin namu ihu zafi yake mana, ba ya ƙara mana fahimta. Ta ce, "To ga shi kina ji." Na naɗe takardata na sa a jaka.

Yanzu a gidana doka ce, mai magana da ni ya zo gabana in ga fuskarsa, a rage rediyo, a yi magana a tsanake. Jikoki sun fi manya kiyayewa. Injin yana nan, yaron da yake tayar da shi sai da abin toshe kunne, in ya cire a bakin aikinsa. An tura mu Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna don a gwada mini na'urar ƙara ji, aka kuma gaya mini tun farko ba za ta dawo da kunnen da ba, taimako ne kawai. Da aka faɗi kuɗinta Malam ya yi shiru har muka wuce Jaji. Wanda ya biya, da wanda ya ce tsohuwa me za ta ji da ba ta ji ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, don a nan ne auren Babba ya shigo.