Babban baƙi a Turanci ba alamar girmamawa ba ne

Ƙannena masu koyon rubutun Turanci, na daɗe ina ɗaukar babban baƙi a matsayin rawanin da ake naɗa wa duk kalmar da ake ganin girmanta. Saboda haka nake rubuta "my Father" da "the Mosque", amma in bar "friday" da "english" da ƙaramin baƙi, wato na saka inda bai dace ba, na kuma cire daga inda ya wajaba. Abin da Turanci yake dubawa shi ne ko kalmar sunan yanka ce, kamar na mutum, wuri, harshe, rana ko wata, ko kuwa suna ne na gama-gari. Ana rubuta "Ahmadu Bello University", amma "the university" idan ba a ambaci sunanta ba, haka kuma "President Shagari" amma "the president". 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su ƙara lura, domin a can ranaku da watanni da sunayen harsuna ƙaramin baƙi suke ɗauka.

A kalmomin addini na fi yin tuntuɓe, domin hannuna yakan ƙi rubuta "prophets" da ƙaramin baƙi, sai in ji kamar na rage wa annabawa daraja. Alhali Larabcin da Alƙur'ani ya sauka da shi ba shi da babban baƙi ko ƙarami. Ana rubuta "Allah", "God", "Islam", "Muslim", "Christian", "Ramadan", "the Qur'an" da "the Bible" da babban baƙi, haka ma "the Prophet" idan Manzon Allah (SAW) ake nufi, amma "mosque", "church", "prayer" da "gods" na masu bautar gumaka da ƙarami ake rubuta su. Wakilin suna "He" idan Ubangiji ake nufi kuwa, marubuta sun saɓa a kansa: yawancin marubuta Musulmi suna saka babban baƙi, jaridu da yawa na Amurka ba sa sakawa. Ni ina sakawa, amma duk wanda kuka zaɓa, ku tsaya a kansa har ƙarshen rubutun.

A kanun rubutu, ƙananan kalmomi irin su "of", "and" da "the" ba sa ɗaukar babban baƙi sai idan su ne suka buɗe kanun. Masu gyaran takardun WAEC suna rage maki a kan irin waɗannan kurakurai.