Na je Kano koyon gwajin PCR

Na bar Zariya da sassafe a motar haya, damina ta fara ja da baya. Da muka wuce Kwanar Dangora sai gonakin shinkafa na Kadawa da Kura, kore shar, ruwan madatsar Tiga na bin magudanai, yara na ta wanka a ciki. Mai aikin duba fitsari a lab ba ya ganin haka hankalinsa ya kwanta. A irin wannan ruwa dodon koɗi ke renon tsutsar tsargiya, ta huda fatar yaro, a kwana a tashi a ga jini a fitsarinsa. Na sauka a Unguwa Uku, adaidaita sahu ya kai ni masauki.

Abin da ya kawo ni shi ne horo kan PCR, wato gwajin gano ƙwayoyin cuta ta hanyar DNA ɗinsu, zaren gadon da kowace halitta ke ɗauke da shi. A wurin aikinmu madubin likita muka sani: a shafa jini a gilashi, a rina shi da sinadarin Giemsa, a zura ido. A nan kuwa aikin raba shi aka yi ɗaki-ɗaki, kuma wanda ya shiga ɗakin ƙarshe ba ya komawa na farko a ranar, don ƙurar DNA da ido ba ya gani ta isa ta ɓata sakamako.

Mun ciro DNA daga ɗigon jinin da aka busar a takardar tacewa, muka haɗa da sinadarai a 'yan mitsi-mitsin kwalabe, muka sa a na'ura. Tana ɗaga zafi zuwa digiri 95 zaren DNA ya rabu biyu, ta sauko wajen 55, ta koma 72 a gina sabon zare. Kowane zagaye ninki ne, zagaye 30 kan mai da zare ɗaya fiye da biliyan guda. Kary Mullis, ɗan Amurka, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya samu kyautar Nobel a 1993.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce da aka ba mu jinin da duk muka duba a madubi ba mu ga komai ba, amma PCR ta nuna Plasmodium falciparum, wato ƙwayar maleriya, ƙarara. Galibi ma'aikacin lab kan fara ganin ƙwayar maleriya a madubi idan ta kai 50 zuwa 100 a maikurolita ɗaya na jini (ɗan ƙanƙanin ɗigo), PCR kuwa tana kama ƙasa da 5. Masu irin wannan jini ba su da zazzaɓi, suna harkokinsu duk tsawon rani, ruwa na sauka sauro ya ɗauka daga jikinsu ya raba wa yaran gida. Wannan ya dame ni ƙwarai. Haka kuma an samu ƙwayar da ba ta fitar da sinadarin HRP2 da gwajin gaggawa na maleriya ke nema, aka ba da rahotonta a Peru a 2010, daga baya a Eritiriya. Sai da PCR ake tabbatar da ita.

Na ce wa mai koyar da mu, "Malama, ashe madubi ya gama yayi?"

Ta ce, "A'a Malam. Uwar da ta kawo yaro jikinsa zafi zau ba za ta jira gobe ba. Madubi na marar lafiya ne, wannan kuwa ta binciken gari ce."

Gaskiyarta. Sinadaran da tsada, kuma suna son firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, dare da rana.

Da yamma nakan zaga gari. Na leƙa marinar Ƙofar Mata, na ci gurasa bandashe kusa da Kasuwar Kurmi, na hau Dala na hangi birni.

Asibitinmu ba shi da na'urar, ba na kuma jin za mu samu nan kusa. Amma busasshen jini a takarda yana jure tafiya ba ƙanƙara. Mun shirya da Malama cewa idan rani ya kama, da izinin hukuma da na masu unguwanni, zan tattara samfuri daga ƙauyukanmu in aiko mata Kano.