Yadda Muka Mayar da Tsohuwar Makarantar Rosenwald Zauren Al'umma

Ginin da na shiga aikin gyaransa a wani ƙaramin gari a kudancin Amurka makaranta ce ta katako mai aji biyu, ɗaya daga cikin kusan 5,000 da aka gina wa yaran baƙar fata a jihohi 15 zuwa 1932, bisa shirin da malami Booker T. Washington ya ƙulla da attajiri Julius Rosenwald na kamfanin Sears. An rufe yawancinsu bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba ɗalibai saboda launin fata. Tamu ta daɗe a matsayin ɗakin ajiyar tarkace kafin mutanen gari su tashi tsaye.

Da rufi muka fara, domin yoyo ne ke ruɓar da katako, kuma duk abin da aka gyara a ƙarƙashin rufi mai yoyo asara ce. Tsohon fenti kuwa sai da muka kira ƙwararru suka kankare shi, saboda dalma mai guba da ke cikinsa.

Tagogi ne suka fi jawo muhawara. Wasu sun so a sa na zamani, amma da muka duba tsarin ginin sai muka gane cewa dogayen tagogin nan da aka jera suna fuskantar gabas da yamma su ne fitilar ɗaliban da ba su da lantarki. Mun gyara su ɗaya bayan ɗaya, kuma ina ganin wahalar ta biya.

Babban abin da na koya daga bakin tsofaffin ɗalibai ya fito. Su ne suka nuna mana cewa bangon da ke tsakanin azuzuwan biyu ƙofofi ne masu naɗewa, waɗanda ake turewa da yamma ɗakin ya koma zaure guda. Ashe tun asali an gina ta ne domin taron gari ma, kuma tunda asusun Rosenwald ba ya biyan kuɗin gini duka, iyayensu ne suka ba da fili da kuɗi da ƙarfin jikinsu. Shi ya sa ba mu yanke wata shawara ba tare da su ba.

Yanzu ana taron dangi da darussan manya a ciki, kwamiti kuma yana fama da kuɗin wuta da na inshora, waɗanda tallafin gyara bai ƙunsa ba.