Furotin da ake ƙerawa don a yanka shi

Na daɗe ina yi wa furotin ɗin da ake kira PINK1 kallon mai laifi. Duk inda na ci karo da sunansa a karatu, tare yake da cutar Parkinson, mai sa makyarkyata da sandarewar jiki. A 2004 aka gano cewa lahani a ƙwayar gadonsa na jawo cutar tun mutum da sauran ƙuruciya, kamar yadda aka gano game da abokin aikinsa Parkin a Japan a 1998. Ashe ba furotin ɗin ke kawo ciwon ba, rashin aikinsa ne.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda tantanin jiki ke ƙera PINK1 dare da rana, mitokondiriya (wani sashe a cikin tantanin) mai lafiya kuma ta ja shi ciki, a yanka shi, a watsar da ragowar. Na ce wa malamata wannan ai asara ce. Ba ta musa ba, ta dai ce in je in duba abin da ke faruwa ranar da aka kasa yanka shi.

A nan idona ya buɗe. Mitokondiriya ita ce injin wutar tantani, kuma da ƙarfin lantarkin da ke fatarta ta ciki take jan PINK1. Idan ta lalace, ƙarfin ya faɗi, sai PINK1 ya maƙale a bakin ƙofa yana taruwa. Daga nan ya liƙa alamar sinadarin fosfet a jikin wani ƙaramin furotin mai suna yubikwitin, alamar ta jawo Parkin, Parkin ya yi ta jera ƙarin yubikwitin har injin ya fita daban, a naɗe shi a kai laisosom, jakar narkar da sharar tantani, ya narke. Wato yankan da na kira asara gwajin lafiya ne da ba ya tsayawa. Ɗakin binciken Richard Youle a Amurka ne ya nuna taruwar Parkin a kan mitokondiriya da ta lalace, a 2008.

Da na ga hotunan, Parkin da aka sa wa koriyar alama, wanda ke warwatse, ya dunƙule ɗigo-ɗigo bayan an zuba sinadarin CCCP mai kashe ƙarfin lantarkin mitokondiriya, raina ya tafi ga tantanan ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, waɗanda ke mutuwa a cutar Parkinson. Rassansu dogaye ne, wuta suke ci sosai, ba sa rabuwa su sabunta kansu. Da su mutum zai tsufa, kuma idan babu mai kwashe musu mataccen inji, da shi a cikinsu za su yi ta zama shekara da shekaru.